Albasar 'Yan Welis

"Aje gugan nan, Lantana. Tahiya za ni."

Ban aje ba.

Nic ci gaba da jan ruwana. Sama'ila ya saba zuwa lambun Baba da zancen ban tsoro, in na razana shi yi ta dariya hal shi riƙe ciki.

"Allah shi kiyaye hanya," nic ce. "In ka isa ka gaishe su."

"Ki dube ni mana!"

Nid dube shi.

Mutumin da ko bayan gida za shi sai ya gyara zaman hula, ga shi tsaye cikin albasarmu ba hula, ba takalmi, rana tsaka.

Igiya tas suɓuce mini. Nij ji guga ya bugi ruwa can ƙasa.

"Mi yah hwaru?"

"Soja... An sa ni cikin waɗanda za a kai yaƙin nasara can Indoshin. Ɗazu anka kira sunana ƙohwar kumandan."

"Ƙarya ne! Ai ba a ɗaukar mai aikin kanti!"

"Ba a ɗauka, sai in wani ya raɗa a ɗauka."

"Wa?"

Yak kau da kai.

"Ɗantala," nic ce.

Bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Ɗantala gardi ne, ɗan sandan kumandan, baturen mulkin garinmu Dogon Dutsi, da jar hula da bulala. Ya daɗe shina zarya gidanmu da goro. Ni kuwa da na hango jar hular nan sai ciwon kai shi kama ni, in shige ɗaki, ciwon ba shi sakina sai mai hula ya tahi.

"To ina za ka?"

"Maigidana Mushe Ifan zai hitar da ni yau. Shina da ɗan'uwa Birnin Kabi, likita. Can hannun Ingilishi ne, kumandan ba shi da iko."

"Ɗan'uwa na jini?"

"Na albasa."

Da wata rana ce da na yi dariya.

"Nan kusa ne, ta-lambu. Damana guda, maganar ta kwanta, in komo. Ko Baba ya ƙi, sai in zamna ƙohwar gidanku hal shi gaji da ganina."

"Shi gaji da warinka dai."

"Lantana..."

"Kada ka taɓa ni, hannuna da laka."

Yak kama hannun, da lakar da komi.

"Ki ce za ki jira ni, abar raina."

"Ina za ni da? Ni anka sa soja?"

Yay yi dariya, ruwa na bin kumatunshi. Ni ban yi kuka ba. Ina tunanin wa zai hiddo mini guga daga rijiya.

Bari in gaya muku zancen albasar nan, don ku 'yan matan yanzu kun ɗauka nasara dud ɗaya ne.

Mushe Ifan bature ne mai sayen hwata da ƙirgi, kantinshi na bakin kasuwar Dutsi. Ba Bahwaranshe ba ne. In kuwa kac ce mishi Ingilishi, sai hancinshi shi yi ja, ka rasa cinikin ranan. Wai shi ɗan Welis ne. Wata 'yar ƙasa ce cikin duwatsu, daga tumaki sai ruwan sama, da harshenta daban. In shina yinshi ka ce ƙashin kihi ya tsaya mishi a wuya.

Ba su da yawa ƙasashen nan. Shi nan Dutsi, likita Birnin Kabi, wani mai jirgin ƙasa Gusau, wani mai haƙar kuza Jas, sai babbansu can Ikko, mai jiragen ruwa. Amma sun riƙe juna awa 'yan ɗaki guda. In ɗaya na son mota, ɗayan shi samo. In ɗaya na da kaya, ɗayan na da mai saye. Kuku, direba, akawu, ba su ɗaukar wanda sunka tsinta. Sai wanda ɗan'uwa yam miƙo. Mutum in ya shiga hannunsu ba shi hwaɗuwa ƙasa. Wanga shi miƙa ma wancan, wancan shi miƙa gaba.

Shekara-shekara, in sanyi ya gushe zahi bai kankama ba, sai su taru gidan ɗayansu, su yanka rago, su yi ta waƙa suna kuka. Manyan mutane da gemu! Kowa da albasa maƙale ga riga. Tasu ta gida wai doguwa ce, ba a samunta nan, shi ya sa suke neman tamu ɗanya, da lawashinta ba a yanke ba. Ranan suke ƙulla dud wata babbar magana. Abin da ba a hwaɗi ranar albasa ba, sai baɗi.

Neman albasar nan yak kawo Sama'ila lambunmu. Shi ke duba ma Mushe Ifan hwata, shi zuba mata gishiri, shi shanya.

"Salamu alaikum, 'yar gidan Mani. Albasa nike so, mai ganye, wadda tah hi tsawo."

"Miya za a yi?"

"Ado za a yi."

"Amarya ce ko mahaukaciya?"

"Bature ne."

"To Allah shi ba shi lahiya."

Albasa taƙ ƙare lambu, shi bai daina zuwa saye ba.

Mushe Ifan ba mata, ba ɗa. Da la'asar sai shi zamna baranda shi yi ta waƙar ƙasarsu shi kaɗai. Sama'ila na bayan gida shina shanya hwata, shina ji, hal waƙar tash shiga kanshi. Wata rana sai kawai yas sa muryarshi ƙarƙashin ta bature. Wai kohin shayi yas suɓuce ma mutumen yah hwashe. Shekarar nan yat tahi da shi wurin taronsu, yas sa shi yay yi musu, sunka yi kuka sunka ƙoshi, sunka maƙala mishi albasa.

Daga ranan yaz zama nasu.

Ni kuwa yaz zame mini ciwon kunne. In shina ja mini ruwa, ita. In shina kama mini rahi, ita.

"Ka bari, kana sa albasa yaushi!"

"Waƙar gida ce, ta-lambu. Mutum ne ke son komawa garinsu."

"To wa ya riƙe shi?"

Baba bai taɓa tilasta mini kowa ba, ba halinshi ba ne. Abu guda yac ce.

"Dud garin nan ki zaɓa. Amma ban da mai warin jima, mai waƙar nasara."

"Baba, shina salla..."

"Shi yi ta yi. Nesa da tabarmata."

Inna ma ba ta taimake ni ba.

"Ɗiyata, yaron kirki ne, ban ce ba. Amma in ya shigo gidan nan hal kaji hita suke."

Nan muke, Ɗantala yas sa baki wurin kumandan.

La'asar ɗin ranar da Sama'ila yaz zo mini ba hula niɗ ɗauki tire nit tahi bakin shingen gardawa, hanyar Tibiri, nit tsaya gindin gawo awa mai talla. Motar kanti taz zo, an lohta mata ƙirgi ɗanye hal sama. Mushe Ifan na gaba kusa da direba. Sama'ila na ƙarƙashin ƙirgin, ni na sani.

Ɗantala yat tare hanya.

"A tsaya! Mi ke ciki?"

"Hwata, mushe gardi," in ji Mushe Ifan da karkatacciyar Hausarshi. "Ka sauke duka ka duba. Amma kai za ka maida."

Ɗantala yah hau, yaɗ ɗaga ƙirgi guda. Ƙuda sunka tashi awa hadari. Yas saki, yad diro shina toshe hanci da jar hularshi, shina tohi.

Sannan yag gan ni.

"Lantana? Mi kike yi nan?"

"Talla."

"Nan ba mutane."

"Na gani."

Yad daɗe shina kallona. Yad dubi mota. Yas sake duban ƙirgin nan mai tsiyayar ruwa, yad dubi wandonshi na gwamnati.

"Ku wuce!"

Mota taw wuce.

Ban ga ko yatsan Sama'ila ba. Wari kaɗai yab bar mini, nit tsaya ina shaƙa hal yab ɓace.

Abin da Ɗantala bai lissahwa ba shi ne Baba. Ƙanen Baba soja anka kai shi tun yaƙin duniya na hwarko, ko takalminshi bai komo ba. Da zance yay yawo gari hal ya iso lambu, Baba yaɗ ɗauki goron Ɗantala da ke ɗaki, ya riga ya bushe, yak kai mishi hal ƙohwar kumandan.

"Karɓi abinka. Wanda ke sai da ɗiyan gari ba shi cin tuwon gidana."

Yak komo yaz zamna bakin rijiya, shina kallona ina ban ruwa. Zanena ya hwara yi mini yawa.

"Ke."

"Na'am, Baba."

"In mai warin nan ya komo, na ba shi."

Nis saki tulu.

"A wanke shi dai kahin a kawo shi," yac ce.

Da gudu nit tahi kanti. Ban taɓa yi ma bature magana ba sai ranan.

"Mushe! Baba ya yarda! A gaya mishi Baba ya yarda!"

Mushe Ifan yat tashi, yak kama hannuna biyu shina girgizawa.

"Madalla! Madalla, Lantana! Ranar albasa zan hwaɗa."

"Ranar albasa? Yanzu hwa anka yi girbi!"

"Na sani."

"Ba kuna da takarda ba?"

"Takarda ana buɗe ta bakin iyaka. Su ga sunanshi, su san inda yake, su roƙi Ingilishi a maido shi da igiya. Wagga magana sai baki da baki."

Nik komo nid dasa albasa. Mi zan yi da? Shekarar nan ko ɗiyan sarki ba su samu kulawar da lawashin nan yas samu ba.

Rana taz zo, Mushe Ifan yaɗ ɗauki albasata yat tahi Birnin Kabi. Yak komo da madubi ɗan ƙarami.

"Sama'ila ya bar miki. Ya ce ki jira."

"Ya bar mini? Shi ina yake?"

"Gusau."

"Ina ne Gusau?"

"Gaba kaɗan. An hwara kama waɗanda sunka gudu ma soja kusa da iyaka, sai likita yam miƙa shi ga mai jirgin ƙasa. Hannu mai kyau ne, Lantana. Ɗan ƙauyen kakata ne."

"Ka gaya ma mai jirgin Baba ya yarda?"

Yas sosa hanci.

"Bai zo ba bana. Gada ta karye mishi."

"To sai yaushe?"

"Baɗi."

Baɗi yak komo da ɗankwali. Mai jirgi ya zo, an gaya mishi, ya yi murna hal ya yi kuka. Sai dai an yi mishi canjin wurin aiki, ya riga ya miƙa Sama'ila Jas. Mai kuza kuwa bai zo ba, zazzaɓi.

"Ya zama babba can," in ji Mushe Ifan. "Shina da mutane ƙarƙashinshi. Shina sa kwat!"

"Ni na aike shi neman kwat?"

Haka munka yi ta yi. Maganata na bin shi a baya awa tsohuwar jaka, tana isa zango, ana ce mata yanzu yat tashi. Tashi maganar kuwa tana isowa, don ita ba ta canzawa. Ki jira. Ki jira, abar raina. Madubi, ɗankwali, mataji, wani turare da Inna tac ce gara warin jima.

Ƙawayena sunka yi amre, sunka yi goyo, sunka yaye.

Wata rana niy yi ta maza nit tahi kanti.

"Mushe, tunda ba ku iya tsai da shi, ni ku miƙa ni."

"Ƙaƙa?"

"Yadda kunka yi da shi. Ka sa ni mota, likita shi karɓe ni, shi ba mai jirgi. Ba ni da nauyi. Ko ƙarƙashin ƙirgi ne zan kwanta."

Yad dube ni da idanun nan nashi masu kalar ruwan tsari.

"Ba mu miƙa wanda ba namu ba, Lantana."

"Albasar wa kuke maƙalawa?"

"Taki. Amma in na miƙa mutum, kaina na miƙa. Za su tambaye ni, wace ce? Ta ina taz zama tamu? Mi zan ce?"

"Ka ce mai jira ce."

"Dukanmu masu jira ne," yac ce, yak koma auna hwatarshi.

Sai ga shekara ta juyo da alheri, ko abin da niɗ ɗauka alheri ne. Anka canza kumandan. Sabon yac ce dud wanda ya gudu ma soja shi komo gida, an yahe. Ɗantala anka jehwa shi can gabas inda ko gawo ba shi tsirowa. Kuma taron albasa ya hwaɗo kan Mushe Ifan, nan Dutsi za a yi, hal babbansu na Ikko zai zo, wanda Sama'ila ke hannunshi yanzu.

Inna tay yi mini kitso. Niy yi lalle. Baba da kanshi yac cire albasar, yaz zaɓi dogaye, yaw wanke.

"In ya zo," yac ce, "ki ce mishi ba sai an wanke shi ba."

Niɗ ɗaura ɗankwalin nan, nis shahwa turaren da Inna ba ta so, niɗ ɗauki tire.

Motoci na tsaye ƙohwar gidan Mushe Ifan, rana ta ɗan karkata. Nib bi su ɗaya-ɗaya da ido. Direbobi ne zamne inuwa suna cin nama. Ba shi cikinsu.

Mushe Ifan yah hito baranda, huskarshi na walƙiya.

"Lantana! Zo, zo! Albishirinki!"



"Goro..."

"Sama'ila ya tahi Welis!"

Nit tsaya da tire bisa kai.

"Welis ɗin gaba take da Ikko?"

"Bayan teku! Ƙasarmu, Lantana! Ƙasarmu!"

Yaj ja ni hal baranda. Ga su nan zamne, jajaye, suna zuhwa. Babban nasu tsoho ne mai hwarin gashi, ba shi jin Hausa, Mushe Ifan ke juya mini.

"Ya ce ranar da Sama'ila ya iso Ikko ya yi mishi waƙar. Ya ce tun da uwarshi tar rasu bai ji an yi ta hakanan ba. Ya ce ya kwana biyu shina tunanin mi zai ba yaron nan wanda ya hi komi."

"Sai yab ba shi teku."

"Ya sa shi jirgi mai zuwa Kadif, babban garinmu. Kin gane? Mu nan duka, shekara da shekaru muna so, ba wanda ya samu. Shi ya samu! Zai ga duwatsun da idonshi!"

Sunka ɗaga kohuna. Wani yat tahwa.

"Shi ya ce shina so?"

Anka tambayi tsoho.

"Ya ce Sama'ila ya tambaya ko jirgin na komowa. Anka ce mishi shina komowa."

"To yaushe?"

Tsoho yay yi magana mai tsawo, shina kallon ƙasa.

"An sai da jirgin can. Amma kada ki damu! Shina hannun ƙanen matar tsoho, shina aikin tashar jirage. Hannu mai kyau ne."

"Maganata hwa? An gaya mishi Baba ya yarda?"

Mushe Ifan yad dubi tsoho.

"Mushe, an gaya mishi?"

"Maganar ta iso Ikko... jirgi ya riga ya tashi."

Nis sauke tire a hankali, don albasar Baba ce, ba ta yi mini laihi ba.

"To ku miƙo shi baya."

"Lantana..."

"Ga ku nan duka yau, ba wanda gada tak karye mishi, ba mai zazzaɓi. Yau ranar albasa ce, ko? To ga magana. Ƙanen mata shi ba tsoho, tsoho shi ba mai kuza, mai kuza shi ba mai jirgi, mai jirgi shi ba likita, likita shi ba ka. Ni ina bakin gawo, zan karɓa. An yahe mishi! Baba ya ce ko wanka ba sai ya yi ba!"

Mushe Ifan yaj juya musu. Nig ga huskokin nan suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Likita yac cire madubin ido shina gogewa. Mai jirgi yad dubi kohinshi awa an jehwa mishi ƙuda.

"Mi sunka ce?"

"Ba su ce komi ba."

"Kai mi kac ce?"

Yaz zamna bakin baranda, babban mutum, awa an zare mishi ƙashi.

"Da mun san yadda ake miƙa mutum baya, Lantana, da kin ishe mu nan?"

 

Tsohon nan yat tashi, yaz zo yaɗ ɗauki albasa guda cikin tire, yas sunkuya mini. Sauran ma sunka ɗauka. Ina hita ƙohwa nij ji sun hwara. Ita ce dai, waƙar mutumen da ke son komawa garinsu.

Baba na tsaye bakin lambu. Yad dubi tire, yad dubi bayana.

 Yak karɓi guga yay yi ban ruwan da kanshi.

Sun yi ƙoƙari, kada in ci hakkinsu. Tsoho ya ce zai aika. Sai dai bai kai wata ranar albasa ba, ciwo yak kai shi ƙasa can Ikko, wanda yag gaje shi kuwa Ingilishi ne, bai san wata albasa ba. Likita ma yab bi tsoho lahira. Mai kuza anka ruhe raminshi, yat tahi wata ƙasa da ta hi nisa. Madubi yad daina zuwa, mataji yad daina. Ko Sama'ila ya ji an yahe, ko ya ji Baba ya yarda, ko shina can shina cewa mai lambu ba ta taɓa aiko mishi da ko kalma ba... Allah kaɗai ya sani.

Kada ku yi mini kallon nan. Na yi amre. Mahmuda mai gishiri, mutum mai haƙuri, ba shi wari, ba shi waƙa. Mun zamna lahiya.

Amma albasa ban daina kaiwa ba. Ciniki ciniki ne.

Shekarar da ake zancen nasara za su miƙa ƙasa, nik kai tire da goyo bayana. Ba mota ko guda ƙohwar gida. Ba rago. Mushe Ifan na zamne baranda shi kaɗai, ya sa hwarar kwat, ta yi mishi yawa.

"Guda ta isa bana," yac ce.

Nim miƙa mishi. Yay yi ta hwama da allura, sai ni nim maƙala mishi.

Nij juya zan tahi, yah hwara.

Murya ta tsuhwa, amma ita ce. Yat tahi da ita, yat tahi, hal yak kai inda Sama'ila kan shigo daga ƙasa. Nan yat tsaya. Bai sani ba ma. Ya saba ne, shina jira a karɓa.

Sai nij ji an karɓa.

Wallahi ni kaina ban san tana bakina ba. Ban san ko kalma guda ba cikinta, hal yau. Amma shekarun nan na bakin rijiya, ashe ina cewa shi bari, kunnena na ɗauka. Tah hito duka, da ƙashin kihin da komi. Yaron bayana yah hwarka shina kallo.

Munka kai ƙarshe tare.

Mushe Ifan ya miƙe tsaye, bakinshi buɗe.

"Tun yaushe?"

"Tun shina ja mini ruwa."

"Lantana! Mi ya hana ki yi ranan? Gaban tsoho, gaban likita... Da ba wanda zai tambaye ni ta ina kiz zama tamu! Da mota za ki bi ranan, hal Ikko, hal jirgi!"

"Wa ya tambaye ni ko na iya? Albasa kunka ce in kawo."

Yak kama kai da hannu biyu. Sannan yay yi wuf, yaz zari wata albasa cikin tire.

"Ke tamu ce. Ke tamu ce! Zan miƙa ki!"

Nig gyara goyo.

"Saura hannu nawa, Mushe?"

Yad dubi hanyar Tibiri. Ba komi bisa kanta sai wani mai jaki.

Yad dubi hannunshi da albasa ciki.

"Wanga kaɗai."

"To ba ni ita nan."

Nik karɓa. Ban maƙala ba, zane ne gare ni, ba kwat ba.

Nik kai ta gida niy yanka a miya, da lawashin da komi. Mahmuda na zamne shina kallona.

"Yau albasar nan da ƙarhi take," yac ce. "Dubi idonki."

"Doguwa ce," nic ce. "Miƙo mini gishiri."